Ƙura ta rufe Littafina, naku fa yana ina?

Jiya da daddare ina neman rasit ɗin kuɗin makarantar yara, na duba durowa babu, na zazzage jaka babu, sai maman yara ta ce in duba cikin Littafi Mai Tsarki ai nan nake cusa takardu. Na sauko da shi daga saman kabad, sai da na hure ƙura na goge da bakin riga kafin rubutun bangon ya fito. Rasit kuwa yana ciki, shi da katin asibiti da wani tsohon hoton fasfo. 'Yan'uwa jikina ya yi sanyi. Littafin da na saya da kuɗina na rubuta sunana a shafin farko ya koma ma'ajiyar takardu, kuma in na ce na tuna ranar ƙarshe da na buɗe shi a gida don karatu to na yi ƙarya.

Inda rasit ɗin ya maƙale ƙarshen Kolosiyawa ne, sura 4 aya 16, wurin da Manzo Bulus yake cewa in an gama karanta wasiƙar nan a wurinku ku sa a karanta ta a ikilisiyar Lawudikiya, ku ma ku karanta wadda za ta zo daga can. Na zauna bakin gado na kasa tashi. Wasiƙa ɗaya fa, gari biyu suna jiran ta, sai wani ya zauna ya kwafe ta da hannu harafi bayan harafi, wani kuma ya ɗauka ya taka da ƙafa ya kai. Yawancinsu ma ba su iya karatu ba, ranar Lahadi suke taruwa mutum ɗaya ya karanta saura su kasa kunne, kamar yadda Jastin Shahidi, wani marubucin Kirista na farko-farko, ya ba da labarin sujadarsu a Roma wajen shekara ta 150, ya ce ana karanta rubutun manzanni da na annabawa gwargwadon yadda lokaci ya samu.

Kun san abin da mutanen nan suka biya kuwa? A shekara ta 180 an gurfanar da wasu masu bi gaban gwamna a Kartej, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, gwamnan ya tambayi ɗayansu mai suna Siferatus me ke cikin akwatinsa, ya ce littattafai ne da wasiƙun Bulus. Ranar aka sare kawunansu. Mutum za a kai shi gaban shari'ar rai da mutuwa amma akwatin littattafansa na tare da shi, ni kuwa nawa yana saman kabad da katin asibiti a ciki. A shekara ta 303 Sarkin Roma Diyokiletiyan ya ba da doka a rushe majami'u a tattara littattafai a ƙone, wasu tsoro ya kama su suka miƙa, wasu irin su bishop Filikus na Tibiyuka suka ƙi, aka kashe su a kan haka. A irin wannan rana dole mutum ya san wane littafi ne Maganar Allah da zai ba da wuyansa a kai.

Kuma littattafai 27 ɗin nan na Sabon Alkawari ba rana ɗaya aka ɗinke su ba. Wani Markiyon ya taso a Roma wajen 144 ya yar da Tsohon Alkawari kaf, ya riƙe Luka kaɗai shi ma bayan ya yayyanke shi, da wasiƙun Bulus goma, ikilisiya ta ce a'a. Iraniyus bishop na Liyon ya tsaya kan cewa Bishara huɗu ce, Matiyu, Markus, Luka da Yohanna. An daɗe ana auna Ibraniyawa da Yaƙub da Bitrus ta biyu da Ru'ya ta Yohanna, ana tambaya daga manzanni ya fito ko kuwa, ana karanta shi a ikilisiyoyi ko'ina, ya yi daidai da koyarwar da aka karɓa tun farko. Sai a 367 Atanasiyus bishop na Iskandariya ya jera 27 ɗin nan cif a wasiƙarsa ta bikin tashin Almasihu, taron Kartej na 397 ma ya tabbatar da su. Kusan shekara ɗari uku na addu'a da gardama da jini, mu kuma har 1932 muka jira kafin Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa ta hannun su Likita Mila. Kakanninmu da yaƙi da jahilci kawai suka yi sun haddace shi fiye da mu masu digiri.

To mu me muke yi? Fasto ya ce a buɗe Filimon sai ka ga babban mutum yana ta jujjuya shafi can wajen Zabura. Mun ce ai yana cikin waya, to amma tsakani da Allah sau nawa ka buɗe shi a wayar ba saƙon WhatsApp ya ja ka ba kafin ka kai aya ta uku? Muna sa aya a sitatus, muna rubuta amin ƙarƙashin hoton da wani ya turo, ayar da ke gaba da ita da ta bayanta ba mu san su ba, shi ya sa duk wanda ya ɗaga murya ya ce Ubangiji ya ce sai mu bi shi kamar tumakin da ba makiyayi. 'Yan zumuntar mata, matasa, dattawan ikilisiya, ba wanda na cire, kaina na fara da shi.

Ina roƙonku saboda Yesu ku sauko da shi yau. Ku ciro rasit da hotunan nan ku nema musu wani wuri. Ku tara yara bayan tuwon dare ku karanta musu da murya ko sura ɗaya ce, Markus sura 16 ne kacal, cikin sati biyu da kwana biyu kun gama. Mu jiya mun fara da Kolosiyawa, ƙaramar 'yata ta tambaye ni ina ne Lawudikiya. Don Allah ku sauko da shi, kar ku ce sai Lahadi.