Dogon Bene a Tsakiyar Gombe: Ina Tare da Mutanen Unguwa

Tun da aka ji cewa wani attajiri ya saye tsofaffin gidaje a jere a cikin gari, daf da Babbar Kasuwa, da niyyar rushe su ya tayar da dogon bene na gidajen haya, ra'ayin jama'a ya rabu. Wasu suna ganin garin da ya zama hedikwatar jiha tun 1996 ya isa a ga irin waɗannan gine-gine a cikinsa. Mazauna wurin kuwa sun kai kukansu ga mai unguwa, kuma ni ina ganin gaskiya tana wajensu, ko da yake ana ta yi musu kallon masu ƙin ci gaba.

Duk wanda ya tashi a Jekadafari ko Herwagana ko Bolari ya san cewa rayuwar iyali a tsakar gida take. A nan ake girki da wanki da shanya, a nan mace take zama da ɗaurin ƙirji ana yi mata kitso, a nan ake shimfiɗa tabarma a kwana a watan Afrilu idan zafi ya hana zaman ɗaki. Banɗakin gidaje da yawa ma ba shi da rufi. Iyayenmu sun yi doguwar katanga da zaure ne domin idon baƙo ya tsaya a waje. Ranar da aka kafa bene mai hawa bakwai ko takwas a tsakiyar irin waɗannan gidaje, duk wanda ya leƙo ta tagar sama zai ga abin da ko ɗan'uwan maigida ba ya gani sai ya yi sallama an ba shi izini. Malaman Malikiyya sun daɗe da hana mutum buɗe tagar da ke kallon cikin gidan maƙwabcinsa, bisa ƙa'idar nan ta ba cuta ba cutarwa, kuma abin takaici ne a ce mai ginin ya san wannan ya kau da kai. Babu diyyar da za ta mayar wa matan unguwa sakewar da za su rasa.

Sai maganar ruwa. Ruwan famfon garin nan daga madatsar Dadin Kowa yake zuwa, kuma kowa ya san ba kullum yake isa cikin lunguna ba, shi ya sa 'yan garuwa ba sa rasa ciniki. Mai bene zai haƙa rijiyar burtsatse mai zurfi, ya tara iyalai masu yawa a fili ɗaya, alhali babu babbar magudanar ƙazanta sai ramukan sokawe. Gombe gari ne da ke cikin kwari, ƙasarsa mai yashi ce, zaizayar ƙasa ta riga ta cinye gidaje a unguwanni da dama. Idan aka shafe fili da siminti, ruwan damina ba zai nutse ba, gidajen ƙasa na maƙwabta zai gangara. Lungun da Keke Napep yake shiga da ƙyar, ta ina motar kashe gobara za ta bi?

Ba mu manta da benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Legas a Nuwamban 2021 ba, inda mutane fiye da 40 suka rasu. Tun 1992 ƙasar nan take da dokar tsara birane da ta tantance tasirin manyan ayyuka ga muhalli, don haka mutanen unguwa ba alfarma suke roƙo ba. A fito musu da izinin ginin da sakamakon gwajin ƙasa, a zauna da su a gaban hakimi kafin a sa ko bulo ɗaya. Idan kuma gidajen haya ake so da gaske, ga fili nan a wajen Tumfure da hanyar Dukku, inda za a iya yanka faffaɗan titi da magudana tun kafin a haƙa tushe, kuma hukumar tsara birane tana da ikon cewa can za a yi.