Sai na kawo hoton gidan da ruwa ya cinye

Duk wanda yake zaune a gaɓar kogin Haɗeja, daga Ringim zuwa Auyo har Kirikasamma, ya san cewa Agusta da Satumba watanni ne na kwana da ido ɗaya, saboda haka bana ma ba mu zauna jiran gwamnati ba. Tun damina ba ta yi nisa ba muka yi karo-karo gida-gida muka sayi buhuna, matasa suka cika su da ƙasa suka ƙara wa jinga tsayi, ni kuma na yaɓe gindin katangata da siminti, na ƙulle takardun makarantar yara a leda na rataye a azara. Da ruwan ya tashi zuwa, cikin dare ya ɓalle jingar, kafin asuba ɗakuna sun kwanta, rumbu ya bi su.

Wannan ƙaddara ce, mun karɓa. Abin da ban karɓa ba shi ne abin da ya same ni a wurin da ake rubuta sunayen waɗanda ambaliya ta shafa. Bayan na sha rana a layi na isa gaban wani matashi wanda a haife na haife shi, yana latsa waya, na yi masa sallama na ce, “Ranka ya daɗe, na zo a sa sunana, gidana ya rushe.” Bai amsa sallamar ba, bai kuma ɗago kai ba, sai ya ce, “Baba, kana da hoton gidan kafin ya faɗi?” Na ce, “Yallaɓai, lokacin da ruwa ya kai min ƙugu yara na saɓa a kafaɗa, ban tuna da ɗaukar hoto ba.” A nan ne ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan taɓon da ya bushe a ƙafar wandona, sannan ya ce, “To, mu yaya za mu tabbatar akwai gida a wurin?” Ashe shekarun da na yi ina biyan haraji a sararin Allah nake kwana, ban sani ba sai da wannan masani ya fahimtar da ni.

Da na yi shiru sai ya ƙara da cewa ai an sanar a rediyo kowa ya tashi, mu ne muke da taurin kai, kuma in je in kawo takarda daga mai unguwa. Mai unguwar da yake nufi tabarmarsa tana kusa da tawa a ajin makarantar firamaren da muka fake a cikinta, hatiminsa kuwa yana ƙarƙashin laka.

A tashi a koma ina? Kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana faɗin yadda damina za ta kasance, jami'ai su maimaita a rediyo, daga nan su ɗauka sun sauke nauyi, alhali ba a ware wa kowa fili a tudu ba. Ba kuma wanda bai san tushen matsalar ba: madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da ta biyo baya a 1992, idan suka cika, ruwansu kanmu yake gangarowa, ya tarar yashi ya cike kogin, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyinsa, sai ya fantsama cikin gonaki da gidaje. Bayan ɓarnar 2022 an zo da motoci da masu ɗaukar hoto an yi ta alƙawari, amma har yau buhun ƙasa da ƙarfin matasanmu ne ke tsakaninmu da kogi. Kayan agajin ma, shinkafa da gidan sauro da kwanon rufi, sau da yawa a ƙofar masu uwa a gindin murhu suke sauka, mutanen da ko takalminsu bai jiƙe ba.

Yanzu masai ya haɗe da rijiya, yara sun fara gudawa, shinkafar da ta kusa yanka ta ruɓe a gona. An kuma aiko mana cewa mu fice daga makarantar domin ɗalibai za su koma karatu, amma wanda ya kawo saƙon bai zo da sunan inda za mu nufa ba.