Babin da muke tsallakewa a ajin fiziks

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da fiziks a sakandare, kuma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya duk lokacin da 'yan SS3 suka shiga zango na biyu. A can ƙarshen manhaja aka jera darussan fiziks na zamani: tsarin ƙwayar zarra, tururin nukiliya, hoton ƙashi, da yadda haske ke fizgo elektiron daga jikin ƙarfe. Kafin a iso wurin, hidimar WAEC da NECO ta kankama, ga jarrabawar gwaji, ga JAMB. Sai a ba yara rubutu su kwafa su haddace, ko a tsallake baki ɗaya.

Da na ɗaga maganar a ofishin malamai, wani abokin aikina da nake girmamawa ya ce: "Malam, yaran da lissafin gudu da nisa ke ba su wuya, su za ka gaya wa haske yana tafiya kamar igiyar ruwa, kuma yana zuwa ƙwaya-ƙwaya?" Na fahimce shi, don aji ɗaya muke shiga. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: da yawanmu mu ma a gurguje aka koya mana wannan babi. A makarantu da dama kuma, wanda ya karanta lissafi ko kemistiri aka danƙa wa fiziks saboda babu malami. Mutum ba ya son tsayawa gaban allo a kan abin da yake tsoron a yi masa tambaya.

Iyaye kuwa, abin da aka fi ce mini shi ne: "Malam, ya dai samu kiredit ya tafi likitanci." Wasu da sun ji kalmar nukiliya sai Hiroshima da 1945 su faɗo musu a rai. Wasu suna ganin duk tatsuniyar Turawa ce da ba ta sa tukunya a wuta.

To ga abin da ke damuna. Wannan babin da muke tsallakewa shi ne wanda ya fi cika gidajenmu. Ka ɗaga kai ka dubi rufin shaguna da masallatai a Kano ko Kaduna, farantan sola ne birjik. A 1905 Albert Einstein ya bayyana cewa haske yana zuwa ne a ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da ƙarfinsa, kuma a kan wannan aikin aka ba shi kyautar Nobel ta 1921. Da wannan fahimtar ake gane yadda hasken rana ke zama lantarki a cikin farantin. Yaranmu suna hawa rufi suna haɗa sola, suna cin abinci da ita, amma ba mu taɓa gaya musu abin da ke faruwa a ciki ba. Haka wayar da ke hannunka: tiranzisto, 'yar ƙaramar na'ura mai kunna lantarki da kashe shi, da aka ƙirƙiro a 1947 ita ce tushenta. Taswirar da ke nuna wa direba hanya ma, agogunan tauraron GPS suna gaba da na ƙasa da kusan kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kowace rana, kamar yadda nazarin Einstein ya nuna, kuma da ba a gyara wannan ba, da kuskuren ya kai kusan kilomita 10 a yini.

Ku tuna 2020, lokacin da aka cika WhatsApp da cewa 5G ke kawo korona. Masu digiri na cikin waɗanda suka yi ta turawa. Ɗalibin da aka koya wa darasi ɗaya tak, cewa ƙarfin ƙunshin haske ya dogara ne da saurin kaɗawarsa, zai gane dalilin da ya sa ake tambayar mace ko tana da juna biyu kafin a ɗauke ta hoton ƙashi, wanda ake ɗauka da wani irin haske mai saurin kaɗawa ƙwarai, alhali igiyar rediyo da ta waya ba ta da ƙarfin da za ta tsinka sinadaran jiki irin haka.

Kuma abin bai yi mana nisa ba. A Zariya, Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da ta fara aiki a 2004. Na tambayi ajina bara, babu ko mutum ɗaya da ya taɓa jin labarinta. A Arlit ta Nijar ana haƙar yuraniyom, makamashin tukunyar nukiliya, tun 1971, an daɗe ana kai shi ƙasashen waje ana ba da wuta da shi.

Ban yarda da uzurin rashin ɗakin gwaji ba a wannan babin. Ni yanzu tun zangon farko nake jawo shi gaba, kafin hankalin yara ya koma kan jarrabawa. Ina shiga aji da ƙaramin farantin sola, da mitar masu gyaran rediyo, da 'yan ƙananan ƙwayayen fitila na LED ja da shuɗi da na saya a kasuwa. Mu fita rana, mita ta ɗaga. Yaro ya rufe farantin da littafi, ta sauka. Sannan mu ƙara wa ƙwayayen wuta a hankali: ja ya kama a wajen bolt 2, shuɗi ya ƙi sai an kusa 3. A makon jiya wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, ke nan ƙunshin shuɗi ya fi na ja ƙarfi?" Ban riga na rubuta musu komai a allo ba a lokacin.