Wai duk cikin birni ne

Jama'a in kun ga an rubuta birnin Takayama a adireshin masauki a Japan, to ku tsaya ku tambaya wane ɓangare. Hutu muka samu a makaranta ni da abokina muka ce bari mu leƙa jihar Gifu, na ga wani masauki mai arha a intanet, adireshi ya ce Shokawa, birnin Takayama, na ce shi ke nan daga tasha sai mu ɗan taka. Abokina har yana yaba min wai na iya neman sauƙi.

Da muka sauka daga jirgin ƙasa yamma ta yi ga jakunkuna, sai na nuna wa wani dattijo mai tasi adireshin, ya kalle ni ya kalli wayar ya ja iska ta haƙora, ni kuwa na ɗauka gaisuwa ce. Muka hau. Gidaje suka ƙare, shaguna suka ƙare, sai duwatsu da daji, mita kuwa tana ta hawa kamar farashin tumatir da azumi. Na ce baba ba mu bar gari ba? Ya ce ai har yanzu muna cikin birni. Can muka wuce allo mai hoton beyar, na sake tambaya, ya ce birni ne.

Ashe a da Shokawa ƙauye ne mai cin gashin kansa da shugabansa da komai, sai a Fabrairun 2005 Takayama ta haɗiye garuruwa da ƙauyuka 9 rana ɗaya, ta zama birni mafi faɗin ƙasa a duk Japan, murabba'in kilomita sama da 2,100, kusan girman jihar Tokyo, kuma sama da kashi 90 cikin ɗari daji ne. Matasa sun tafi birane, haraji ya ja baya, gwamnati ta ce a haɗe, ƙananan hukumomin Japan 3,232 na 1999 suka koma 1,727 a 2010. Duk baba ya zayyana mana wannan a hanya, mita tana lissafa karatun.

Kuɗin tasi ya fi na ɗakin wallahi. Taliyar soba tasu dai akwai daɗi, ba zan ci amanarta ba, abokina ya ci kwano biyu bai ce min uffan ba, da safe ya turo min lambar akawun ɗinsa.