Harshen Finlan ba ɗan'uwan na Suwidin ba ne

Mutane da dama sun ɗauka harshen Finlan dangi ɗaya ne da na Suwidin da Norwe, tunda maƙwabta ne. Shi ya sa mai jin Turanci kan shiga koyonsa da tsammanin zai tsinci kalmomin da ya saba da su. Ina! Harshen Suwidin da Turanci tsatsonsu ɗaya, amma na Finlan 'yan'uwansa su ne na Estoniya, sai na Hungari daga nesa. Ruɗanin ya samo asali ne daga tarihi: Suwidin ta mulki ƙasar har 1809, kuma har yau harshenta na hukuma ne a Finlan.

Dubi kalmar talo, wato gida. Talossa na nufin a cikin gida, talosta daga gida, taloon zuwa cikin gida. Irin waɗannan ɗafe-ɗafen sun kai 15, kuma a nan ne mai Turanci yake shan wahala.

Jan wasali da ninka baƙi ma suna ba shi ciwon kai: tuli wuta, tuuli iska, tulli kwastan. Bahaushe kuwa, da ya bambance gari da garin tuwo, baba da babba, kunnensa ya riga ya horu tun yana goye.