A fara da ruwa kafin benci

Na ji daɗin labarin nan na shirin gyara lambunan shaƙatawa a Maradi, amma ina roƙon masu tsara kuɗin su fara da ruwa. Kowace shekara ran 3 ga Agusta muna dasa itatuwa, damina na wucewa sai awaki da ƙishirwa su gama da rabinsu. Ni kaina na dasa dogon yaro biyar a bakin filin unguwarmu, ɗaya ne ya rayu, shi ma don wata tsohuwa tana zuba masa ruwan wanke-wanke. Rijiyar burtsatse mai sola, shinge, da albashin mai ban ruwa na watanni goma sha biyu, waɗannan su shiga kasafi tun farko. Benci da fenti su jira.

Kuma kada a tara komai a tsakiyar gari. Yaran unguwannin Zariya da Bagalam ma suna bukatar inuwa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Malaman aikin gona na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo suna nan kusa, a tambaye su irin icen da ke jure ƙasarmu mai rairayi.