Takardar gargaɗi ba hukunci ba ce ga masu cin kuɗin inshorar lafiya

Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, ta sanar a 2025 cewa ta hukunta asibitoci 49 da kamfanonin HMO 47, wato kamfanonin da ke shiga tsakanin hukumar da asibitoci wajen biyan kuɗi, saboda laifuffukan da suka aikata a shekarar 2024. Ƙorafe-ƙorafe sama da 3,500 ta ce ta duba. Da mutum ya karanta abin da ake kira hukuncin sai ransa ya ɓaci: takardar gargaɗi, umarnin mayar wa mara lafiya kuɗinsa, dakatar da wasu ƙalilan, cire sunan wasu daga jerin asibitocin shirin. Wato ka karɓi kuɗin gwamnati don ka yi wa mutum magani, ka sake karɓa a hannunsa, idan asiri ya tonu ka mayar da abin da aka kama ka da shi, gobe ka buɗe ƙofa kamar ba a yi komai ba.

Ga yadda kuɗin ke tafiya, domin a nan cutar take. Duk wanda ya zaɓi wani asibiti a shirin, ana biyan asibitin wani adadi a kan sunansa kowane wata, ya zo ko bai zo ba. Shekaru da dama naira 750 ake biya, kafin ƙarin da aka yi a 2024 da 2025. Duk majinyacin da aka sallama ba tare da magani ba, kuɗinsa ya zama riba tsantsa. Shi ya sa ma'aikaci zai tashi daga Rigasa ko Unguwar Mu'azu da yaro a kafaɗa, jiki zafi rau, ya bi layin kati, ya ga likita, ya isa tagar magani a duba takardar a ce masa "wannan babu, sai dai ka duba kemis a waje." Wanda ke bayansa da kuɗi a hannu kuwa a ɗauko masa irin maganin daga kan kanta ɗaya. A ƙa'ida kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kaɗai ɗan inshorar ƙasa zai biya. Mutumin nan an riga an cire daga albashinsa ko an biya dominsa, ya fita ya sake saye da kuɗin cefane, ko ya ce wa mai kemis ya ba shi rabi.

Wannan ƙaramar sata ce ma idan aka kwatanta da ta ofis. Ana rubuta aikin tiyatar da ba a yi ba a nemi a biya. Ana rubuta gwajin jini uku alhali ɗaya aka yi. Ana cusa sunayen bogi, ko a bar sunan mamaci yana ci gaba da jawo kuɗi wata bayan wata. Kamfanin HMO ya karɓi kuɗi daga hukuma ya riƙe, asibiti ya huce haushinsa a kan mara lafiya da ke zaune a benci yana jiran lambar izinin yi masa magani daga kamfanin. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke faruwa bisa kuskure. Akwai hannun da ya rubuta, akwai wanda ya sa hannu, akwai asusun da kuɗin ya shiga.

Ƙungiyoyin masu asibiti za su ce kuɗin da ake biyansu bai kai farashin magani ba. Gaskiya ne ya yi kaɗan, amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda bai ga riba ba ya fice daga shirin da rana tsaka. Masu cewa idan aka fara ɗaure ma'aikatan lafiya sauran za su gudu ƙasar waje kuwa suna zagin dubban likitoci da malaman jinya masu amana ne, kamar sata ce ke riƙe da su a ƙasar.

Kuma ba doka muka rasa ba. Dokar yaƙi da zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20, ba zaɓin tara, ga wanda ya karɓi dukiya ta hanyar yaudara. Dokar Final Kod ta Jihar Kaduna ta 2017 ta san zamba, ta san cin amana, ta san takardun jabu. Da waɗannan dokokin ake tasa ƙeyar matasa zuwa gidan yari kullum a kotunan garin nan. Me ya sa da zarar laifin ya sa farar riga ko ya zauna a ofis mai sanyi sai ya koma "saɓa ƙa'idar aiki"? A Amurka, zamba a shirin lafiya laifi ne mai zaman kansa: ɗaurin da zai iya kai shekara 10, ya kai 20 idan majinyaci ya samu mummunan rauni, ya kai rai da rai idan ya mutu. Sun gane cewa kuɗin magani ba kamar kuɗin kwangilar fenti ba ne, idan aka sace shi jiki ne ke biya.

Abin ya fi damuna a kanmu nan Kaduna. Tun 2018 aka kafa KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar, kuma ta hannunta kason inshora na Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko ke bi zuwa ƙananan asibitocin mazaɓu. Asusun nan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ce ta samar da shi, da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, domin mata masu ciki, ƙananan yara, tsofaffi da masu buƙata ta musamman. Ma'aikacin gwamnati ya san inda zai kai ƙara, yana da ƙungiyar ƙwadago. Matar da ke wani ƙauye a Birnin Gwari ko Kauru, wadda wataƙila ba ta ma san an sa sunanta ba, idan aka ce mata ta kawo kuɗin awo za ta kwance bakin zani ta biya, har ta yi godiya. Dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Da wace fuska za a ce wa ɗan kasuwa ko ɗan acaɓa ya zuba kuɗinsa, alhali ya ga yadda ake yi wa maƙwabcinsa a tagar magani?

Ina kuma tsoron ranar da za a ce an tashi tsaye a fara da talakan da ya ara wa ƙaninsa kati. Laifi ne, a hana shi, amma daga sama za a faro.

Duk ƙorafin da bincike ya tabbatar akwai ƙarya a takarda, KADCHMA da NHIA su miƙa fayil ɗin ga EFCC ko ICPC ko Ma'aikatar Shari'a ta jiha, a gurfanar da mai asibiti ko shugaban kamfanin da sunansa, a sanar da hukumar da ta ba shi lasisi. Majalisar dokokin jiha kuma ta sa a riƙa wallafa sunayen da hukuncin da kowa ya samu duk wata uku.